Hitar ɗaki mai haƙarƙari: wannan kam ta biya ni!

Na san wasu za su yi dariya. Minna, garin da zafin Maris ke korar mutum kwana a tsakar gida, me ya haɗa shi da abin ɗumama ɗaki? Duk mai wannan dariya bai taɓa tashi alwalar asuba a Bosso ko Maitumbi a tsakiyar Janairu ba, lokacin da hunturu ya kankama, leɓe ya tsage, yara suka kwana suna tari.

Ina maganar hitar nan ce mai haƙarƙarin ƙarfe jere, bakwai ko tara ko sha ɗaya, mai 'yan tayoyi a ƙasa. Wallahi ban taɓa sayen kayan lantarkin da ya shiga raina kamarta ba. Mai ne a cikinta, a rufe ruf, ba ya ƙonewa, ba a kuma ƙara shi. Lantarki ya zafafa man, man ya zagaya haƙarƙarin, su kuma su saki ɗumi sannu a hankali har ɗaki ya ɗauka. Babu harshen wuta, babu jan waya mai toya hannun yaro, babu fankar da za ta watso maka ƙurar hunturu a hanci. Shiru kake ji, sai ɗan "ƙas" idan ta kashe kanta don ɗumin ya isa.

Inda ta gama sace zuciyata shi ne in an ɗauke wuta. Jiharmu ce mai madatsar lantarki ta Kainji tun 1968 da ta Shiroro tun 1990, amma kowa ya san yadda dare yake. Hita mai jan waya nan take take mutuwa. Wannan kuwa man cikinta yana riƙe zafi, sai ta ci gaba da huci kamar tukunyar tuwon da aka sauke yanzu, har barci ya ɗauke ka.

Hajiyarmu ta fi yarda da kaskonta na gawayi, kuma ba na musa cewa jin ɗumin kasko da hira yana da daɗi. Sai dai gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana hana jini ɗaukar iskar numfashi, mai barci kuma ba ya sanin tana shigarsa. Tun da hitar ta shiga ɗakinta na daina tashi tsakar dare duba taga.

Asalin abin na ƙasashen ƙanƙara ne. Ana danganta shi da Franz San Galli na birnin St. Petersburg a Rasha, a shekarun 1850. A Ingila har yau a bango ake kafa haƙarƙarin, ruwan zafi na bi ta bututu daga tukunya guda. Tamu soket kawai take nema.

Tana shan wuta, ba ƙarya: mai wat 2000 za ta cinye yunit 2 a awa in an ƙure ta, ƙaramin janareto kuma ba zai ɗauke ta ba. Kunna ta bayan isha'i, rage ta in ɗaki ya yi ɗumi. Kada a jona ta da araha-arahar wayar ƙari, kada a shanya kaya a kanta. In ta hannu za ka saya, duba gindinta da kyau ko mai yana yoyo.

Tawa mai haƙarƙari tara ce, ko an ninka mini kuɗinta ba zan sayar ba.