Tsakanin Magani da Ciki: Gwanintar Masu Ba da Shawara

Kafin mace ta tabbatar ta yi ɓatan wata, aiki ya riga ya yi nisa a mahaifa. Bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yakan gama rufewa a wajen kwana 28 da shigar ciki, zuciya kuwa ta fara bugawa tun kafin nan. A waɗannan makonni ne wasu magunguna suke yin ɓarnarsu, lokacin da mai cikin ba ta ko fara tunanin zuwa awo ba. Saboda haka shawarar da ke da amfani ita ce wadda aka bayar tun ranar da aka rubuta maganin, ga macen da ciwon farfaɗiya ko hawan jini ko ciwon zuciya ya kawo ta asibiti, ba maganar haihuwa ba. Buɗe wannan zance da kai shi ƙarshe lafiya gwaninta ce mai zaman kanta, kuma likita ko ungozoma ko mai haɗa magungunan da ya iya ta ya cancanci yabo.

Duniya ba ta koyi darasin nan da arha ba. A 1957 kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fitar da talidomid da sunan Contergan, maganin barci da aka riƙa ba masu laulayi don tashin zuciya. Sai a ƙarshen 1961 aka janye shi, bayan Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostareliya sun danganta shi da nakasar jarirai. Yara fiye da 10,000 a ƙasashe da dama sun zo duniya da guntayen hannuwa ko ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in ne saboda wata jami'ar hukumar kula da magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi har sai an kawo mata hujjar cewa ba ya cutarwa.

Talidomid maganin barci ne, ana iya rayuwa ba shi. Matsalar yau ta fi haka sarƙaƙiya, domin magungunan da ake magana a kansu su ne ke riƙe da lafiyar matar. Dubi balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim ko Depakine. Yana cikin magungunan da suka fi kwantar da farfaɗiya, akwai ma matan da shi kaɗai ya karɓe su. Amma a cikin jarirai 100 da uwayensu suka sha shi da ciki, kusan 10 na zuwa da wata nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagewar leɓe da ganɗa, alhali a sauran jama'a 2 zuwa 3 ne. Tsakanin 30 zuwa 40 kuma sukan samu jinkirin magana ko tafiya ko wahalar koyo. Wannan ya sa a 2018 hukumomin magunguna na Turai da Birtaniya suka hana a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki wannan magani sai a ƙarƙashin tsarin kiyaye ɗaukar ciki, tare da sake zama da ita kowace shekara.

To, a ce ta daina sha mana? Nan ne gaba kura, baya siyaki. Mai farfaɗiyar da ta yanke magani farat ɗaya, ciwon na iya tashi mata a bakin murhu ko bakin rijiya, yana iya zuwa a jere ba ƙaƙƙautawa har ya yi kisa, ya tafi da uwa da abin da ke cikinta. Don haka gwani yana riƙe da abu biyu ne a lokaci guda: ba zai tsorata ta har ta zubar da magani ba, ba kuma zai yi shiru har ciki ya shiga ba shiri ba.

Matakin farko shi ne iya tambaya. A ɗauki misalin wata amarya da ta zo karɓar maganinta na wata. Ma'aikaciyar da ta san aiki takan fara sallamar 'yar rakiya da dabara, ta ja labule, domin a wurare da yawa har yau ana ɓoye farfaɗiya, wasu na jingina ta ga iska, kuma ba kowace amarya ce dangin mijinta suka san tana da ita ba.

"Amarya, ya ƙarfin jiki? Yaushe rabon da ciwon ya tashi?"

"Tun kafin azumi, Sista."

"Madalla, maganin ya karɓe ki. To ke da maigidan, kuna sa ran ƙaruwa bana, ko kuna so a ɗan jinkirta?"

Ta sunkuyar da kai. "Haihuwa ai ta Allah ce."

"Ta Allah ce, babu shakka. Shi ne kuma ya sanar da mu cewa wannan maganin ba ya shiri da ciki. Ban ce ba za ki haihu ba. So nake ranar da cikin zai zo ya tarar mun shirya masa."

A lura da abin da ma'aikaciyar ta kauce wa. Ba ta ce "kada ki yi ciki" ba, kalmar da amarya mai jiran idon uwar miji za ta ji a matsayin hukunci, ta fita ba ta sake dawowa ba. Ba ta yi musu da imaninta ba. Ba ta kuma yanke wa kanta amsa ba. Ma'aikacin da ya ɗauka cewa budurwa ba ta bukatar wannan bayani, ko matar da ta haura shekara 40 ta wuce haihuwa, ko mai goyo ba za ta yi ciki ba, ya buɗe ƙofar da yake tsammanin ya rufe. Budurwar yau ana iya ɗaura mata aure kafin ranar da za ta dawo asibiti.

Mataki na biyu shi ne inda ilimin ya fi zurfi: haɗa hanyar tazarar haihuwa da maganin da matar ke sha. Hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Yadda mutane ke amfani da su a zahiri, da mantuwa da jinkiri, kusan mata 7 cikin 100 masu shan ƙwaya sukan yi ciki a shekara, masu dogaro da kwaroron roba kusan 13, masu allurar wata uku kusan 4. Ashanar da ake sakawa a damtse da robar mahaifa kuwa, ƙasa da mace 1 cikin 100. Ga mai shan balfurowet, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, shi ya sa ake fifita mata ashana ko roba.

Amma ga wurin da ake gane gwani. Wasu magungunan farfaɗiyar, irin su kabamazafin da aka sani da Tegretol, da fenitoyin da fenobabiton, suna zaburar da hanta ta riƙa narkar da sinadaran hana ɗaukar ciki da sauri. Mace na shan ƙwayarta kullum ba fashi, ko tana ɗauke da ashanar Implanon a hannu, sai ga ciki, a yi ta zarginta da sakaci alhali hantarta ce ta cinye kariyar. Rifamfisin na masu tarin fuka ma haka yake yi, kuma tasirinsa yakan ɗauki kusan mako huɗu bayan an daina shan sa. Ga irin waɗannan mata, robar mahaifa ko allurar Depo-Provera ce ke tsayawa da ƙafarta. Wani lokacin kuma abin juyawa yake yi: ƙwaya mai sinadarin istirojin tana rage ƙarfin maganin farfaɗiya lamotirijin a jini, sai ciwon da ya kwanta ya farka.

Kowane ciwo da nasa lissafin. Matar da aka sa wa ƙyauren zuciya na ƙarfe tana shan wafarin don kada jininta ya daskare, shi kuwa yana illa ga ƙashi da hancin jariri, musamman tsakanin mako na 6 zuwa na 12. Ƙwaya mai istirojin ba ta dace da ita ba, don tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Roba mai jan ƙarfe na iya ƙara mata zubar jinin al'ada. Roba mai sinadari, irin Mirena, ita ce ke rage shi. Mai hawan jini da ke shan lisinofiril ko danginsa, waɗanda ke lalata ƙodar jariri in ciki ya girma, akwai madadin da za a mayar da ita kai, kamar Aldomet ko nifedifin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara irin wannan lissafi a jagorar da ta fara fitarwa a 1996, inda ta kasa kowace hanya gida huɗu gwargwadon ciwon da mace ke da shi, daga wadda ba ta da wani sharaɗi zuwa wadda ba a yarda a yi amfani da ita ba.

Sai dai hanyar da ta fi ƙarfi a takarda ba ta da amfani in matar ta je an cire mata ita bayan wata biyu. Gwani yakan faɗa mata tun farko cewa ashana da allura na iya rikita al'ada, jini ya riƙa ɗigowa ba lokaci, domin ya san abin da zai fara damunta shi ne sallarta da azuminta da zamanta da miji. Yakan gaya mata cewa bayan daina allura haihuwa kan yi jinkirin wasu watanni, ashana da roba kuwa ana cirewa take dawowa, a ɓangaren ashana kuma, Implanon na shekara 3 ne, Jadelle na 5. Yakan tambaye ta ko tana so a kira maigida a yi masa bayani a gabanta, don sau da yawa mijin da ya ƙi jin "tsarin iyali" yakan saurara in an ce lafiyar ɗansa ake karewa. In ta ce a bari tukuna, sirrinta ya tsaya a ɗakin. Zaɓin nata ne, kuma tilasta wa mace wata hanya don tana da ciwo zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

In ta ce tana son haihuwa, nan aikin ya fi daɗi. Ana mayar da ita wurin likitan ciwonta, a sauya magani sannu a hankali zuwa wanda ya fi sauƙin haɗari, kamar lamotirijin ko Keppra, tana kan kariyarta har a ga sabon ya karɓe ta. A fara mata folik asid tun kafin ciki, sannan a cire ashanar. In kuwa ta zo da cikin ya riga ya shiga, babu faɗa babu gori. Abin da za ta fara ji shi ne kada ta daina magani da kanta, a haɗa ta da likita cikin gaggawa, a yi hoton ciki, a kuma tuna mata cewa ko a lissafin balfurowet, mafi yawan jarirai ba sa zuwa da nakasar jiki.

Ana auna wannan gwaninta ne da abin da matar ta fita da shi. Ta san sunan maganinta da abin da yake yi wa ciki. Ta san hanyar da ta zaɓa da ranar da za ta ƙare. Ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ranar da ta so haihuwa ko ta ga ɓatan wata. Ƙwararriyar ma'aikaciya ba ta sallamarta sai ta ce, "Maimaita mini da bakinki, in ji ko na yi bayani daidai." Babu na'ura a cikin wannan aiki, babu tsada. A wuraren da mutane ke sayen maganin farfaɗiya da na hawan jini a kemis shekara da shekaru ba tare da sun koma wurin likita ba, ya kamata mai miƙa maganin ma ya koyi tambayar nan guda: "Hajiya, kina sa ran ƙaruwa?"