ProtoThrottle: Rimot ɗin da ya mayar wa jirgin wasa nauyinsa

A Amurka da Turai akwai magidanta, wasu har da furfura, da ke keɓe ɗaki guda su shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo, da tashoshinsa da gadoji da rumbunan hatsi. Girman da aka fi yayi shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, har kan jirgi ya zauna daram a tafin hannu. Wanda ya taɓa haɗa motar kara yana yaro ya san daɗin abin.

Yawancinsu a yau da tsarin DCC suke tuƙi. Asalinsa daga kamfanin Lenz na Jamus ne, kafin ƙungiyar NMRA ta Amurka ta mayar da shi ma'aunin kowa a shekarun 1990. Wuta na kan dogo kullum, umarni kuma yana bin ta, sai 'yar na'urar da ke cikin kowane kan jirgi ta tsinci saƙon da ke ɗauke da lambarta. Ta haka jirage da dama ke tafiya a layi ɗaya, kowa da gudunsa. Da rimot mara waya ya zo, sai mai tuƙi ya samu 'yancin bin jirginsa da ƙafa.

Sai dai galibin rimot ɗin nan kamar makunnin fanka suke. Ka murɗa, jirgi ya zabura; ka mayar, ya ƙame. Jirgin da ya kamata a ji yana jan ɗaruruwan tan sai ya koma kamar fara.

Wannan gurbin ne ProtoThrottle ya cike, wanda kamfanin Iowa Scaled Engineering ya fitar a 2018. An kwaikwayi mazaunin direban jirgin dizal na Amurka, irin na kamfanin EMD, aka ƙanƙance shi ya zama akwatin da za a riƙe da hannu, mai aiki da batir AA guda biyu. Akwai hannun totur mai matakai takwas bayan silo, da hannun gaba da ribas, da na birki, da na oda wanda ke komawa da kansa in ka saki. Ƙararrawa na da maɓallinta, fitilun gaba da na baya kowanne da abin murɗawarsa.

Daɗinsa sai an zo jera taragai. Ka tura hannun gaba, ka kaɗa ƙararrawa, ka ja oda sau biyu, ka saki birki. Ka ɗaga totur mataki ɗaya, ka ji ya yi ƙyas a ƙarƙashin yatsanka. Injin ya ɗaga murya ta 'yar lasifikarsa, amma ƙafafun ba su motsa ba tukuna. Can sai su fara juyawa a hankali, taragai na miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka kai rumbun da za ka ajiye tarago, dole ka mayar da totur silo tun da nisa, jirgin ya ci gaba da gangarawa da nauyinsa, kana lallaɓa birki. Ka makara kaɗan, ka wuce wurin, sai ribas. A nan mutum ke gane cewa sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu ƙirar ba su nemi sauƙaƙa wa kowa ba. Sun ƙara wa tuƙin wahala da gangan, kuma wahalar ce ribar. Tunda kowane hannu da siffarsa da wurinsa, yatsu kan haddace su, ido ya zauna kan jirgi. Manhajojin wayar hannu irin su WiThrottle da Engine Driver sun fi shi araha nesa ba kusa ba, amma gilashin waya santsi ne, dole kana yi kana duban allo.

Akwai inda ya gaza. Kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma ba ya aiki shi kaɗai: sai an sayi wata na'ura daban da za ta haɗa shi da tsarin DCC ɗin da mutum ke da shi. Sannan kowane kan jirgi sai an zauna an saita shi, musamman CV3 da CV4, lambobin da ke ƙayyade jinkirin tashi da na tsayawa, a kuma daidaita birki da sauti. Wanda bai yi wannan ba ya sayi rabin kaya. Ɗan allonsa ma ƙarami ne, saitin na son haƙuri. Masoyin jirgin gawayi kuwa, ko na lantarki irin na Turai, ba dominsa aka ƙera shi ba.

Ga mai son jiragensa su yi ta zagaye yana kallo yana shan shayi, rimot na yau da kullum ya wadatar. Amma wanda ke da ɗan gajeren layi a jikin bango da kan jirgi ɗaya tal, wannan akwati zai sa ajiye taragai uku ya cinye masa yamma guda, bai kuma ji ya yi asarar lokaci ba.