Makokin da Ba a Tashi Ba: Abota a Labaran Unguwannin Bayan Paris

Ranar 27 ga Oktoba 2005, cikin watan azumi, wasu yaran Clichy-sous-Bois, a bayan Paris, na dawowa daga wasan ƙwallo suka hangi 'yan sanda, sai suka ranta a na kare. Uku daga cikinsu suka haura katangar wata tashar lantarki don su ɓuya. Wuta ta kashe Zyed Benna mai shekara 17 da Bouna Traoré mai shekara 15, na ukun ya fito da mummunar ƙuna. Tarzoma ta ɓarke, ta yi mako uku tana cin garuruwan Faransa, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a ƙarƙashin wata doka ta 1955, wadda aka yi ta lokacin yaƙin Aljeriya. Sai a watan Mayun 2015 kotu a Rennes ta yanke hukunci, ta wanke 'yan sanda biyun da aka tuhuma da ƙin kai ɗauki.

Duk labarin rashi da aka rubuta a kan waɗannan unguwanni tun daga lokacin, wannan rana tana tsaye a bayansa, ko an ambace ta ko ba a ambata ba. A wurinmu makoki yana da iyaka: a yi sadakar uku, a yi bakwai, a yi arba'in, a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Iyayen da suka yi shekara goma suna jiran kotu ba su samu wannan ba. Ga kuma tambayar inda za a binne mamaci, tun da maƙabartun Faransa na hukumar gari ne, kuma ware wa Musulmi sashe yana hannun magajin gari. Iyalai da yawa sukan haɗa kuɗi su mayar da gawa gida Afirka, sai abokan yaron su rasa ko kabarin da za su ziyarta.

A irin wannan yanayi ne marubuta suke kawo baƙon aboki: mutumin da ba dangin iya ba na baba, ba tsara ba, wani lokaci ba ma addini ɗaya ba, ya zo ya zauna kusa da mai jimami. Salon ya girmi 2005. Tushensa da aka fi sani shi ne La Vie devant soi na Romain Gary, wanda ya fito a 1975 da sunan aro Émile Ajar, ya kuma ci kyautar Goncourt. Momo yaro ne Balarabe Musulmi a unguwar Belleville, yana hannun Madame Rosa, tsohuwa Bayahudiya da ta tsira daga sansanin Auschwitz. Suna zaune a hawa na shida a gidan da ba shi da na'urar hawa, kullum tana jan jiki a matakala tana haki. Da ajali ya matso, Momo ya sauko da ita ɗakin ƙarƙashin ƙasa don kada a kai ta asibiti, ya zauna da gawarta yana fesa mata turare. Babu wanda ya ceci wani a littafin nan. Mutum biyu ne da duniya ta yar, kowa ya riƙe ɗan'uwansa iya ƙarfinsa, kuma a ganina shi ya sa har yau ba a wuce shi ba.

Daga baya 'ya'yan baƙin haure suka karɓi alƙalamin da kansu. Azouz Begag ya rubuta Le Gone du Chaâba a 1986, kan ƙuruciyarsa a unguwar bukkokin kwano da ke gefen Lyon. A 2004 Faïza Guène, tana da shekara 19, ta fitar da Kiffe kiffe demain, labarin da ke faruwa a Livry-Gargan, maƙwabciyar Clichy. Doria 'yar shekara 15 ce, ubanta ya koma Maroko ya yi wani aure ya bar ta da uwarta. Wanda take samun sauƙi wajensa shi ne Hamoudi, wani da ya girme ta nesa ba kusa ba, ɗan zaman bakin bene, wanda ya taɓa shiga kurkuku, mai karanta mata waƙoƙin Rimbaud. Mutanen kirki za su ce ta nisance shi, amma shi kaɗai ne yake sauraronta ba tare da ya buɗe fayil ba.

Inda salon yake karkacewa shi ne idan an ɗinka shi don kwantar da hankalin mai kallo daga nesa. Fim ɗin Intouchables na 2011, wanda sama da mutum miliyan 19 suka kalla a Faransa, ya haɗa attajiri mai shanyewar jiki da saurayi baƙar fata daga bayan gari. An yi dariya, an share hawaye, an fito da jin cewa komai zai daidaita idan mutum biyu suka fahimci juna. Amma Clichy tana kimanin kilomita 15 ne daga tsakiyar Paris, ba ta da tashar jirgin ƙasa, kuma sai a ƙarshen 2019 layin taragon T4 ya iso ta. Abota ɗaya ba ta gyara wannan. Abin da ya fi damuna kuma shi ne wane ne yake ganin abotar a matsayin abin mamaki. Yaran nan uku na tashar lantarki, asalin ɗaya Tunisiya, ɗaya Muritaniya, ɗaya Bakurde daga Turkiyya, a benayen unguwar Chêne Pointu ta Clichy ba wanda zai ɗaga kai don ya gan su tare.

Mai karatun Hausa yana da ma'auni a hannu. A Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015, Hajiya Binta ta rasa ɗanta na fari a hannun 'yan sanda, ɗan da kunya ta hana ta kiran sunansa yana raye. Shaƙuwarta da Reza, shugaban 'yan daba, daga wannan ciwo ta tsiro, kuma marubucin bai bar ta ta zama magani ba. Diaty Diallo ma ta ƙi yarda da maganin a Deux secondes d'air qui brûle na 2022, inda 'yan sanda suka harbe wani yaro a wata unguwar bayan Paris. Ba ta kawo wani baƙo daga cikin birni ya lallashi kowa ba. Samarin unguwar ne da kansu suke ɗaukar jimamin, a kan rufin benaye da wuraren ajiye motoci, da kiɗa da gashin nama da fushin da bai huce ba.