Ra'ayoyin 'Yan Kallo A Kan Fim Ɗin "The Lunchbox"

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba saɓanin da ke tsakanin 'yan kallo game da wani fim na Indiya mai suna The Lunchbox, wanda Ritesh Batra ya shirya, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a ƙasar Faransa a 1913 da ɗari, wato 2013. Dalilin kawo shi cikin mujalla irin wannan kuwa shi ne, Hausawa sun yi fiye da shekara hamsin suna kallon fina-finan Indiya, har sun saba da wani zubi wanda suke sa ran gani kullum. Wannan fim ya kauce wa zubin. Na kalle shi tare da ɗalibaina da wasu abokan aiki, kuma gardamar da ta biyo baya ita ce tushen abin da za a faɗa a nan.

Labarin A Taƙaice

A birnin Mumbai akwai masu sana'ar ɗaukar abincin rana daga gidaje zuwa ofisoshi, ana kiransu dabbawala, kuma sun yi suna wajen rashin kuskure. Wata rana sai kuskuren ya auku. Ila, matar aure wadda mijinta ya daina kula ta, ta yi girki na musamman don ta jawo hankalinsa, sai kwanukan suka faɗa hannun Saajan Fernandes, wani ma'aikaci da matarsa ta rasu, yana gab da barin aiki bayan shekara 35. Daga nan suka shiga musayar wasiƙu a cikin kwanon abinci. Irrfan Khan, wanda ya rasu a 2020, shi ya fito a matsayin Saajan, Nimrat Kaur kuwa ita ce Ila. Har fim ya ƙare ba su zauna sun yi magana baki da baki ba.

Rukunin Farko: Masu Neman Ƙarshe

Mafi yawan samarin da suka kalla sun ce an yaudare su. Babu rawa, babu mugu, babu biki. A ƙarshe Ila ta sayar da kayan adonta tana shirin tafiya ƙasar Butan da 'yarta, shi kuma Saajan ya dawo daga Nashik ya bi masu ɗaukar abinci cikin jirgin ƙasa yana neman gidanta, sai fim ya tsaya. Suka ce wannan ai ƙurunƙus ne ba tare da kan kusu ba.

Wannan suka tana da tushe, domin mai tatsuniya ba ya tashi sai ya kashe labari. Amma kuwa idan aka lura, jigon fim ɗin shi ne farfaɗowar zuciyar da ta mutu, kuma wannan jigo ya kammala. A farkon fim Saajan mutum ne da yaran unguwa ke tsoro, yana gudun Shaikh, maraya wanda aka turo ya gaje shi a aiki. A ƙarshensa shi ne ya tsaya wa Shaikh a matsayin dangi ranar aurensa. Mutumin da ya fara da neman wurin kabarinsa ya ƙare da neman ƙofar gidan wata. Ko ya same ta ko bai same ta ba, sauyin ya riga ya faru.

Rukuni Na Biyu: Masu Duban Tarbiyya

Waɗannan sukarsu ta fi nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suka ce, duk yadda aka ƙawata abin, matar aure ce ke rubuta wa baƙon namiji sirrin ɗakinta, fim ɗin kuma yana so mu tausaya mata. Gaskiya ne, kuma mai sharhi ba zai ce wannan hali abin koyi ba ne. Sai dai nuna abu daban, yabonsa daban. Fim ɗin ya jera mata uku a gabanmu. Akwai maƙwabciyar Ila ta saman bene, wadda muryarta kaɗai muke ji, ta shekara da shekaru tana jinyar mijin da bai san inda yake ba. Akwai mahaifiyar Ila, wadda ranar rasuwar mijinta ta furta cewa ƙauna ta daɗe da ƙarewa, abin da ya rage sai ba da abinci da magani. Sa'an nan ga Ila kanta tana kallon su biyun kamar madubi. Tambayar da fim ya ɗora mana ita ce, wa ya fara ɓata wannan aure? Mijin da ya ci abincin wani gida kwana da kwanaki bai gane ba na matarsa ba ne, yana da nasa kason laifin. Mai duban tarbiyya da ya tsaya kan wasiƙa ya manta da wannan miji, ya yi rabin hukunci ke nan.

Rukuni Na Uku: Waɗanda Suka Ɗanɗana Rashi

Waɗanda shekaru suka ɗan ja, musamman masu rashin abokin zama, su ne suka fi yin shiru bayan kallo. Abin da ya taɓa su wurare biyu ne. Na farko, inda Saajan ke zaune shi kaɗai da dare yana kallon tsofaffin wasannin ban dariya na talabijin da matarsa ta naɗa, yana nadamar lokacin da take dariya shi kuwa yana waje bai zauna da ita ba. Na biyu, ranar da suka yi alkawarin haɗuwa a gidan abinci: ya je, ya hange ta, ya ƙi ƙarasawa, domin da safen nan ya ji warin tsufa a jikinsa, irin wanda ya sani a jikin kakansa. Samari sun kira wannan tsoro. Dattawa suka ce kunya ce, kuma Bahaushe ya san kunya.

A nan ne fim ɗin ya shafe mu. Al'adarmu ta tanadar wa mace takaba ta wata huɗu da kwana goma, da dangi masu zama da ita. Namiji kuwa, ana gama zaman makoki sai a fara yi masa maganar wata, kamar baƙin cikinsa rashin mai dafa tuwo ne kawai. Saajan ya nuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kammalawa

A ganina, saɓanin rukunan nan uku ya biyo bayan abin da kowa ya zo da shi wurin kallo. Abin lura ne cewa kyautar da fim ɗin ya ci a Cannes, Grand Rail d'Or, ma'aikatan jirgin ƙasa masu sha'awar silima ne ke bayar da ita, wato 'yan kallo ne irinmu. Darasi ga marubuta da masu shirya fina-finan Hausa shi ne, mun ari rawa da waƙa daga Indiya, mun cika allo da soyayyar 'yan shekara ashirin. Bazawara da gwauro da dattijon da matarsa ta rasu suna nan a kowace unguwa, amma in sun fito a fim sai a matsayin abin dariya ko masu hana ruwa gudu. Labarinsu yana jiran mai rubuta shi da mutunci.