Umarni da Biyayya: Nazari a kan Kwaikwayon Jagorancin Yaƙi a Wasannin Kwamfuta Bisa Ma'aunin Tarihin Muniyo da Damagaram

1.0 Gabatarwa

Daga cikin wasannin yaƙi na kwamfuta akwai wani rukuni da masu ƙirƙirarsa ke da'awar cewa yana kwaikwayon jagoranci kamar yadda yake a zahiri. A irin waɗannan wasanni mai wasa ba ya ganin filin daga gaba ɗaya, ba ya kuma motsa kowane soja da hannunsa. Matsayin jagora guda yake riƙewa: ya karɓi rahoto, ya ba da umarni, ya jira. Manufar wannan takarda ita ce auna wannan da'awa da ma'aunin tarihin ƙasar Muniyo, wadda Gure ke zaman cibiyarta, da na Damagaram a ƙarni na 19. Abin da muke son nunawa shi ne, wasannin sun ƙware wajen kwaikwayon tafiyar umarni, amma sun yi rauni wajen bayyana dalilin da ke sa a bi shi. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin ɗalibi kan iya cin karo da yaƙin da a fuskar kwamfuta tun kafin ya buɗe littafi, kuma abin da ya fara gani shi ne zai riƙa auna littafin da shi.

2.0 Asalin wasannin da yadda suke aiki

Tushen wannan salo ya girmi kwamfuta. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Purusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan Kriegsspiel don horar da hafsoshi. Ɓangarori biyu ba sa ganin shirin juna. Kowa yakan rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma ya lissafa lokacin da saƙon zai ɗauka, ya faɗa wa kowa iyakar abin da idonsa zai iya gani. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta gaji kujerar wannan alƙali.

Misalai uku sun isa. Na farko shi ne Waterloo na Peter Turcan, wanda ya fito a 1989. Mai wasa yakan rubuta umarni cikin jimla, mahayi ya kai wa hafsan da aka nufa, rahoto kuma ya dawo bayan al'amura sun riga sun sauya. Na biyu shi ne jerin Command Ops na kamfanin Panther Games a Ostareliya, wanda ya ginu a kan Yaƙin Duniya na Biyu. A nan umarni yakan sauka daga ofishin babbar runduna zuwa ƙananan rundunoni mataki-mataki, kowane mataki da jinkirinsa, kuma idan aka cika wa ofishi aiki jinkirin ya ƙaru. Na uku shi ne Scourge of War, wanda ya kwaikwayi yaƙin Gettysburg na Amurka a fitowarsa ta 2010, da na Waterloo a ta 2015. A cikinsa mai wasa yana iya zaɓar ya tsaya a kan sirdi, ba ya ganin komai sai abin da mahayi zai gani, kuma ana iya harbe ɗan aikensa a hanya, saƙo ya salwanta.

3.0 Abin da suka cim ma

Wajibi ne mu yaba abin da ya cancanci yabo. Waɗannan wasanni sun kawar da wata ƙarya da ta yi kanta a sauran wasannin yaƙi, wato jagora mai ganin komai wanda umarninsa ke aiki nan take. Wanda ya taɓa jiran ɗan aike a Scourge of War, alhali gefen rundunarsa na watsewa, zai fahimci abin da ya faru ranar 18 ga Yuni 1815, lokacin da saƙon da aka aika wa Grouchy da tsakar rana bai isa hannunsa ba sai da yamma ta yi. Zai kuma fahimci abin da Clausewitz ya bayyana game da tarin ƙananan cikas da ke mai da abu mai sauƙi ya zama mai wuya a fagen fama. Hausawa sun riga sun taƙaita darasin: zuwa da kai ya fi aike.

Har ila yau, wasannin ba su manta da saɓa umarni ba. Hafsa yana iya jinkirtawa, ko ya yi gaban kansa. Sai dai idan muka duba da kyau, za mu ga cewa dalilin saɓawar hali ne kawai: wannan mai tsoro ne, wancan mai garaje, ko kuma ƙuri'ar kwamfuta ce ta faɗa haka. Hafsan ba shi da gari nasa, ba shi da bashi, ba shi da wani sarkin da yake zawarcinsa. A nan ne ma'auninmu ya shigo.

4.0 Ma'auni na farko: Muniyo da Damagaram

A watan Disamba 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Gure a zamanin Muniyoma Koso. Ya rubuta cewa an ce sarkin na iya fitar da mahaya kimanin 1,500 da ƴan baka tsakanin 8,000 da 10,000. Ya kuma lura cewa bashi ya yi masa yawa. Mai tsara wasa zai ɗauki adadin mayaƙan ya zuba a taswira, ya bar zancen bashin. Mu kuwa muna ganin cewa zancen bashin ya fi kusa da asirin jagoranci. Dawaki da lifidi da kyautar da ake riƙe barade da ita duk dukiya suke ci. Ƴan baka kuwa manoma ne, ana samun su bayan kaka, kuma idan hadarin damina ya taso hankalinsu na gona. Rundunar da ke bisa takarda dabam, wadda za ta amsa kiran tambari dabam.

Bugu da ƙari, Muniyoma kansa yana ƙarƙashin Shehun Borno da ke Kukawa, kamar yadda Sarkin Damagaram yake. Tsakanin Gure da Zindar akwai kimanin kilomita 160, tsakanin Gure da Kukawa kuwa ya fi haka. Wasa irin Command Ops zai iya lissafa kwanakin da manzon Shehu zai yi a hanya. Abin da ba zai iya lissafawa ba shi ne abin da ke faruwa bayan manzon ya sauka: a karɓe shi da girmamawa, a karanta wasiƙa, a aika da gaisuwa, sannan a ci gaba da abin da aka yi niyya. Da haka ne Damagaram ta ƙarfafa a zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, har ta mamaye Muniyo, alhali a suna duka biyun talakawan Borno ne.

Yadda Tanimun ya gina ƙarfinsa ma hujja ce. Kamar yadda André Salifou (1971) ya nuna, ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a Zindar. Joseph Smaldone (1977) kuwa ya nuna cewa sarakunan wannan yanki sukan damƙa bindiga a hannun bayinsu. Dalili a fili yake: bawan sarki ba shi da gadon sarautar da zai kare, ba shi da madogara sai ubangijinsa. Ke nan bindiga magani ce ta matsalar biyayya kamar yadda take makamin kashe abokin gaba. Wasan da ya ɗauke ta a matsayin ƙarin maki na ƙarfin hari ya ga rabin al'amarin ne kawai. Haka abin yake a Age of Empires III, wanda ya shigo da Hausawa a 2021: akwai ɗan lifidi, akwai maroƙi, amma kowa na tafiya inda aka danna ba tare da musu ba.

5.0 Ma'auni na biyu: shekarar 1899

Wani zai ce wannan ma'auni bai dace ba, tun da wasannin sojan Turai mai tsari suke kwaikwaya. Amsarmu tana cikin tarihin wannan ƙasa. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. Da labari ya isa Paris, gwamnati ta ba da umarni a watan Afrilu cewa Laftanar-Kanar Klobb ya bi su ya karɓi jagoranci. Ya yi kusan wata uku yana bin sawunsu. Wannan jinkiri kowane ɗaya daga wasannin da muka ambata zai iya kwaikwayonsa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ƙarfinsu. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe wa Klobb wuta aka kashe shi. Umarni ya iso, an gane shi sarai, aka harbe wanda ya kawo shi. Cikin kwana uku sojojin Afirka na rundunar suka juya wa shugabanninsu baya, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Duk da haka rundunar ba ta watse ba: ƙarƙashin Pallier ta ci Damagaram a Tirmini, ta shiga Zindar a ƙarshen watan, daga baya Joalland da Meynier suka ci gaba zuwa Cadi. A cikin makonni kaɗan biyayya ta tsinke sau biyu, aka sake ƙulla ta. Tsoro, da ganima, da matan da aka kama, da begen komawa gida, su ne suka yi aiki a nan, kuma babu ɗayansu da ke da gurbi a lissafin wasannin.

6.0 Abin da sirdi ke ɓoyewa

Akwai kuma matsala ta biyu. Ƙarfin waɗannan wasanni shi ne ƙuntata gani zuwa idon jagora. Amma idon jagora ba ya tsayawa a kan talaka. A taswirar wasa gari wuri ne na samun ruwa da hatsi. Idan aka tsara wasan 1899 bisa wannan ƙa'ida, Birnin Ƙonni zai zama zangon da aka sami guzuri, Lugu ta Sarauniya Mangu kuma ta zama cikas ɗin da ya ci harsashi da lokaci. Ɗalibin da ya yi nasara a irin wannan wasa ya koyi kallon kakanninsa da idon Voulet. Wannan haɗari ne da ya kamata malami ya sani kafin ya shigar da kowane wasa cikin aji.

7.0 Kammalawa

Ba mu ce a yi watsi da waɗannan wasanni ba. Suna da amfani wajen koyar da nisa da lokaci da ƙarancin labari, kuma littafi ba ya cusa waɗannan a jiki kamar yadda wasa ke yi. Shawararmu ita ce a koma ga tsarin Reisswitz, wanda ba ya buƙatar kwamfuta ko wutar lantarki. A shimfiɗa taswirar ƙasar da ke tsakanin Zindar da Gure, da rijiyoyinta da tafkunan kanwarta. A raba wa ɗalibai matsayi: Muniyoma, Sarkin Damagaram, manzon Shehu, shugaban ƴan bindiga, fatake, da mai garin da runduna za ta ratsa. A ba kowa buƙatarsa a asirce, malami ya zauna a kujerar alƙali, kowane hukunci kuma ya kafa shi da hujja daga Barth ko Salifou ko ruwayoyin baka. A irin wannan zama, wanda ya ba da umarni zai tilasta wa kansa tambayar da kwamfuta ke ɗauke masa: me zai sa wannan mutum ya bi ni?