Salama a Bakin Tulu: Nazarin Zumuntar Matan Ekklesiyar 'Yan'uwa

Ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Kwarhi, kusa da Mubi a Jihar Adamawa, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN. Shugabanni da malaman makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da ɗalibansu suka fantsama daji da iyalansu, daga baya aka buɗe ofishin wucin gadi a Jos. Wata shida kafin nan, a daren 14 ga Afrilu, an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya. Gwoza, Madagali, Michika, Askira, Lassa, duk garuruwan da rediyo ya yi ta ambata a waccan shekara, nan ne cibiyar EYN. Da wuya a sami ɗarikar Kirista a Nijeriya da ta ɗanɗana kuɗarta a wannan rikici kamar ita.

Ita ce kuma ɗarikar da aƙidarta ta hana ta ɗaukar makami. Asalinta daga Schwarzenau ne a ƙasar Jamus, inda a 1708 mutum takwas, da Alexander Mack a gaba, suka yi baftisma a kogin Eder, suka ɗauri aniyar bin Huɗubar Yesu ta Bisa Dutse yadda take, ba tawili: ba rantsuwa, ba ramuwa, ba shiga yaƙi. Tsanantawa ta kora su Amurka. Daga can Stover Kulp da Albert Helser suka iso Garkida a ƙasar Bura, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya ranar 17 ga Maris 1923. Makarantu suka biyo baya, da asibitoci, da mazaunin kutare.

Aƙidar ƙin ramuwa tana da daɗin faɗi a kan bagadi, amma ba ta gaya wa matar da aka yanka mijinta a gabanta yadda za ta runtsa da dare. A ganina, wanda yake son sanin inda mabiya wannan ekklesiya suke samun kwanciyar rai, kada ya fara da takardun Majalisar ekklesiya ko wa'azin manyan fastoci. Ya je inda mata suke taruwa a tsakiyar mako, wato Zumuntar Matan Ekklesiya.

Duk wanda ya zauna a Arewa kusa da majami'a ya san su, ko a EYN, ko a ɗarikun ECWA da COCIN. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, sun jeru a kan benci. A gaba akwai babban tulun yumɓu, wata tana dukan bakinsa da faifan soso, yana ba da amo mai zurfi wanda a ƙirji ake jinsa kafin kunne. Kusa da ita masu ƙananan tuluna suna buɗe kafar gefe suna rufewa da tafin hannu, ga mai kuge, ga masu girgiza gora. Mace ɗaya ta ɗaga murya ta ba da waƙa, sauran su amsa. Ba takarda a hannun kowa. Baitin gajere ne, amshin ya fi shi gajarta, kuma za a yi ta maimaita shi har sai mai bayarwa ta ga ya isa.

Wannan tsari na bayarwa da amshi shi ne ya kamata a tsaya a kansa. Mai baƙin ciki ba ta da kalmomi. Idan aka ce ta tashi ta yi addu'a, kuka zai sarƙe ta. Idan aka ce ta ba da shaida, sai ta sake bin hanyar da take ƙoƙarin mantawa. Amshi bai nemi komai daga gare ta ba sai numfashi. Kalmomin na wata ne, an riga an shirya su, muryarta kuwa tana ɓacewa cikin muryoyi talatin, babu mai gane ko tana rawa. Idan ta yi shiru, waƙar ba ta tsaya ba. Idan ta dawo, gurbinta yana nan. Sannu a hankali kafaɗa ta fara motsi, ƙafa ta bi tulu, jikin da ya sandare tun ranar gudu ya tuna yana da rai. Kamar daka ne a turmi ɗaya: wadda hannunta ya gaji ta ɗan sassauta, taɓaren 'yar'uwarta yana ci gaba da sauka, hatsi kuwa yana dakuwa.

A nan waƙar zumunta ta sha bamban da waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, waɗanda 'yan mishan suka fassaro daga Turanci. Waɗancan suna da nasu zurfi, tsofaffi da yawa da su suke so a binne su. Sai dai karin sautinsu na Turai ne, bai damu da hawa da saukar muryar Hausa ba, har kalma takan karkace a baki. Kuma yawancinsu zancen mutum ɗaya ne da Ubangijinsa, salamar da yake nema a cikin zuciyarsa take. Waƙar zumunta kuwa a bakin masu yin ta aka haife ta, sautinta yana bin maganar, kuma ta fi son ba da labari. Labaran da Littafi Mai Tsarki yake miƙo wa waɗannan mata ba baƙi ba ne a wurinsu: Ayuba da ya rasa 'ya'ya da dukiya a yini ɗaya, Na'omi da ta dawo garinsu ba miji ba 'ya'ya, Maryamu da ta gudu Masar da jariri cikin dare. Matar Gwoza da ke sansanin Minawao a Kamaru ba ta bukatar mai tafsiri ya bayyana mata gudun Maryamu.

Harshen ma yana da nasa aiki. 'Yan EYN Bura ne, da Margi, da Kibaku, da Kamwe, da Kilba, da sauransu, kowa da yarensa. Hausa ce ta haɗa su, tun ma da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932. Da gudun hijira ya cakuɗa mutane a Yola da Jos da gefen Abuja, matar Chibok da matar Michika ba su san juna ba, amma amshi ɗaya suka sani.

Waƙa rabin aikin ce. Zumunta ita ce take zuwa barka, ita take zaman makoki, ita take tara mudun dawa da sabulu a kai wa gwauruwa, ita take lura cewa wance ba ta zo ba mako biyu, a tashi a je a duba ta. Salamar da ake rerawa ran taro, kashegari tana zuwa ƙofar gida da ƙwaryar gari a ka. Wannan ya dace da wata tsohuwar al'adar 'Yan'uwa, wato wanke wa juna ƙafa kafin Jibin Ubangiji, bisa abin da Yesu ya yi wa almajiransa a Yohanna sura 13. Maza da maza, mata da mata, kowa ya durƙusa gaban kwanon ruwa ya kama ƙafar na kusa da shi. A ƙasar da talaka yake tuɓe takalmi ya gaida babba, ganin mai muƙami a durƙushe yana goge faso a diddigen manomi ba ƙaramin wa'azi ba ne. Ɗarika ce da ta fi yarda da abin da hannu ya yi a kan abin da baki ya faɗa.

Amma wannan al'ada tana da rauninta, kuma ƙaunarta ba za ta sa a rufe ido ba. Raunin yana cikin gaggawa. Mu mutanen Arewa, Kirista da Musulmi, mun iya cewa "sai haƙuri" tun hawaye bai gama zubowa ba. A majami'a sai a ƙara da cewa a gafarta, a gode wa Allah cikin kowane hali. Gaskiya ne bangaskiyar ta koyar da haka. Amma idan aka ɗora wa mace gafara tun ba ta binne gawa ba, ba salama aka ba ta ba, bakinta aka toshe. Kiɗan tulu mai daɗi yana iya rufe kukan da ya kamata a ji. Abin mamaki, Littafin da suke riƙe da shi bai yi wannan gaggawa ba. Cikin Zabura 150 da yawa ƙorafi ne tsagwaronsa, mai addu'a yana tuhumar Allah da jinkiri, kuma akwai littafi sukutum mai suna Makoki. Waƙoƙin yabo da godiya sun fi na kuka yawa nesa ba kusa ba a bakin mawaƙan majami'a, alhali rayuwar da ake ciki ba haka ta kasu ba.

Labarin Rabaran Lawan Andimi ya nuna yadda wannan zaɓe na ɗaukar yabo a bar kuka yake faruwa. Faston EYN ne, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. An sace shi a farkon Janairu 2020, aka kashe shi kafin watan ya ƙare. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka saki, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba, ya bar al'amarinsa a hannun Allah. Wannan kowa ya riƙe, ana ta maimaita shi a wa'azi. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a bidiyon nan dai ya roƙi abokan aikinsa da gwamnan jiharsa su yi ƙoƙari a sake shi. Mutumin yana son ya koma gida wurin matarsa da 'ya'yansa. Natsuwarsa ba ta hana shi neman ceto ba, kuma wanda ya ɗauki rabin farko ya zubar da na biyu ya sauƙaƙa wa hukuma aikinta fiye da kima.

Ba kuma kowa ne salamar ta ratsa ba. Bayan an ƙwato Michika a 2015 mutane suka koma, zargin juna ya yi tsanani har kasuwa ta rabu biyu, Kiristoci suna ci ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Matan da suke waƙar ƙaunar maƙiyi su ne dai suke kai kayan miya kasuwar Asabar. Samari da dama kuma sun ga ƙin ɗaukar makami wauta ce a inda soja ya janye ya bar gari. Ba a amsa musu da waƙa.

Inda al'adar ta fi ƙarfi, a ganina, shi ne inda ta yarda ta haɗa ta'aziyya da lissafi. Dakta Rebecca Dali, matar shugaban EYN na lokacin, Rabaran Samuel Dali, ita ma ta gudu daga Kwarhi. Ƙungiyarta ta CCEPI ta raba abinci ga Kirista da Musulmi, amma kuma ta bi mutane tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, ɗaya bayan ɗaya, don kada a ce ba a san yawansu ba. A Gurku, cikin Jihar Nasarawa, Markus Gamache ya jagoranci gina matsuguni inda 'yan gudun hijira na addinan biyu suke zaune wuri ɗaya, da gangan aka tsara shi haka. A 2016 aka ba EYN lambar zaman lafiya ta Michael Sattler a Jamus, tare da ƙungiyar CAMPI da ta haɗa Kiristoci da Musulmi.

Jarrabawar da ta fi wuya ba ta zo daga maƙwabci ba, daga cikin gida ta fito. Matan da aka sace sun fara dawowa daga daji, wasu da ciki, wasu da goyo. Miji ya juya baya, dangi suna kallon jaririn suna ganin fuskar wanda ya ƙone musu gida, ana raɗa cewa jinin uban yana jikinsa. Aikin mayar da irin waɗannan mata cikin danginsu ne ya sa aka ba Rebecca Dali lambar Sergio Vieira de Mello a 2017, kuma kasancewar har sai da ƙungiya ta tashi tsaye a kansa ya nuna ba kowace majami'a ce ta buɗe ƙofa da kanta ba. Gafarta wa ɗan bindigar da ba za a sake gani ba ya fi sauƙi a kan matsawa a kan benci don yarinyar da ta haifa masa ɗa ta zauna. A wasu garuruwan matan zumunta sun matsa, sun karɓi yaron sun goya don uwar ta samu ta yi amshi. A wasu kuwa har yanzu daga bayan taga take jin tulun.