Gidan Forsberg a Bakin Iyakar Sudan da Habasha

Wanda ya san Fashaga, ƙasar noman riɗi da dawa a gabashin jihar Gadarif ta Sudan, ya san yadda zaman bakin iyaka yake. Tun da aka shata layin da ya raba Sudan da Habasha a 1902 da 1903 ba a daina jayayya a kan gonakin wurin ba. A ƙarshen 2020 sojojin Sudan suka shiga cikinsu, a daidai lokacin da masu gudun yaƙin Tigray suke ƙetarowa da 'ya'yansu a baya. Hausawa da yawa suna zaune a Gadarif, jikokin mahajjatan da suka yada zango ba su koma gida ba. Idan mutum ya bi wannan layi ya yi kudu, ya wuce Galabat, zai kai Kurmuk. Kusa da Kurmuk akwai ƙauyen Cali, a ƙasar mutanen Uduk. A can ne wani iyalin mishan ya yi zaman da aka rubuta a littafin da ake dubawa a nan.

Sunan littafin Land Beyond the Nile, wato ƙasar da take hayin Kogin Nilu. Malcolm Forsberg ne ya rubuta shi da Turanci, aka buga a 1958. Shi da matarsa Enid mutanen Amurka ne, ma'aikatan SIM, mishan ɗin da ta haifi ikilisiyar ECWA. Sun fara aiki a kudancin Habasha. Da Italiya ta mamaye ƙasar daga 1935, aka kori 'yan mishan, sai SIM ta juyo da ma'aikatanta zuwa Sudan. An buɗe tashar Cali a 1938.

Ƙarfin littafin yana cikin gida, ba a kan bagade ba. Yawancin labaran mishan da ake karantawa a taron ikilisiya suna tsallake tukunya su tafi kai tsaye wurin baftisma. Forsberg bai yi haka ba. Mai karatu zai ga mata da miji suna fama da harshen da ba a taɓa rubutawa ba, suna kama kalma ɗaya ɗaya daga bakin mutanen da ba su ga dalilin zuwansu ba. Zai ga zazzaɓi, da damina mai rufe hanya, gama ƙasar wurin baƙar laka ce irin ta Gadarif, wadda take riƙe mota kamar danƙo. Zai ga shekaru suna wucewa ba tare da wani girbi da za a rubuta wa masu tallafi a gida ba. Bangaskiyar da take cikin waɗannan shafuffuka ba ta yawan magana. Ita ce ta mutumin da ya tashi da safe ya sake yin abin da ya yi jiya, bai ga amfaninsa ba tukuna. Duk mai bishara da aka taɓa turawa ƙauyen da babu mai bi ko ɗaya zai gane wannan ba sai an fassara masa ba.

Yaƙi ma ya iske su. A Yuli 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala da Galabat da Kurmuk. A watan Agusta na shekarar jiragensu suka jefa bom a tashar SIM ta Doro, a ƙasar Maban, suka kashe Likita Robert Grieve da matarsa Claire. Marubucin ya ba da labarin ba tare da ƙawa ba, kuma haka ya fi. Mutuwar abokan aiki ba ta bukatar gishiri.

Amma akwai wuraren da littafin ya yi sauri inda ya kamata ya tsaya.

Na fari shi ne zancen yara. Al'adar mishan a zamanin ita ce a raba yaro da iyayensa idan ya isa makaranta. SIM tana da gidan yara na Gowans a Kanada, daga baya ta buɗe makarantar Kent a Miango da ta Bingham a Addis Ababa, dukansu biyu a 1946. Forsberg bai ɓoye zafin rabuwar ba, wannan kam a yaba masa. Sai dai zafin iyaye ne mai karatu yake ji. Uba da uwa sun ji kira sun amsa. Yaron da aka bari a ɗakin kwana na makaranta ba a tambaye shi ba, shi ma kuwa ya biya rabonsa na kuɗin aikin. Ibrahim ya hau dutsen Moriya da bangaskiya, gaskiya ne, amma Ishaku ne ya ɗauki itacen. Littafin ya ba Ibrahim baki, ya bar Ishaku shiru.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Mutanen Uduk suna bin dangin uwa ne wajen lissafin zuriya, saboda haka ƙofar gidajensu tana hannun mata. Babban abin da ake tunawa da shi a Cali, wato ceton tagwaye waɗanda al'ada ba ta barin su da rai, kamar yadda Mary Slessor ta tarar a Kalaba, aiki ne da ya ratsa ta ɗakin haihuwa. Ƙamus na harshen Uduk ma mata biyu ne na mishan suka haɗa shi, Mary Beam da Betty Cridland. Duk da haka muryar littafin ta maigida ce daga fari har ƙarshe. Enid tana ko'ina a ciki, tana jinya, tana reno, tana koyarwa, amma ta bakin mijinta ake jin ta. Uwar da ta fara ƙin ba da tagwayenta ta sa ranta a hatsarin da ya fi na kowane baƙo, gama ita ba ta da wata ƙasa da za ta koma hutu. Da an ba ta babi guda ita kaɗai, da bai yi yawa ba.

Wannan gibin ya fito fili bayan an buga littafin. A 1962 gwamnatin Sudan ta kafa dokar takura ƙungiyoyin mishan, a 1964 ta kori 'yan mishan daga kudancin ƙasar. Forsberg ya rubuta labarin korar a wani littafi, Last Days on the Nile, a 1966. Sun tafi sun bar Sabon Alkawari da harshen Uduk, da masu bi 'yan kaɗan. Wendy James, masaniya 'yar Ingila wadda ta yi shekaru tana bincike a cikinsu, ta nuna cewa bayan tafiyar baƙin ne bishara ta bazu sosai a ƙauyuka, ta hannun 'yan ƙasa. Wato mutanen da mai karatu ya hango daga ƙofar ɗakin girki, masu ɗebo ruwa da masu koya wa Bature harshe, su ne suka ɗauki ikilisiyar. Ba za a zargi marubuci don bai san gobe ba. Amma ya zauna da su shekaru da yawa, ya kuma fi kowa damar sa su tsakiyar labari.

Iyalin da EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, take shirin turawa wata ƙasa za su amfana idan wani ya karanta musu littafin ya fassara, musamman matar gida. Sai dai su riƙe a zuci cewa Forsberg yana da ƙasa mai ƙarfi a bayansa da jirgin da zai kwashe shi ran wahala. Mai bishara daga Kagoro ko Zonkwa ya fi kama da maƙwabtan Forsberg fiye da shi kansa.

Su maƙwabtan kuwa ba su sami hutu ba. Yaƙin basasa ya kore su daga Cali a 1987, suka ƙetara Habasha, suka yi shekaru a sansanin Bonga a yankin Gambela. Sun koma gida bayan sulhun 2005. Da faɗa ya sake tashi a jihar Bulu Nil a 2011, dubbansu suka gudu zuwa Sudan ta Kudu, aka sauke su a sansanin Doro, wurin da aka binne Likita Grieve da matarsa.